Kawu Lebul da Takardar Tsoro

Idan ka shiga ɗaki tare da kawuna, kai kana kallon mutanen ɗakin, shi ƙasa yake kallo. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana saka tayil, kuma bai taɓa taka daɓen wani ya wuce shiru ba. A ɗakin jira na asibiti, a ofishin makaranta, kai har gidan gaisuwa, sai ka ga ya goga tafin ƙafarsa a mahaɗar tayil biyu, ya ja ɗan tsaki. "Wanda ya yi wannan da gwiwa ɗaya ya durƙusa," in ji shi. Mu kuma kunya ta kama mu, don ba ya rage murya.

Lebul ake ce masa, saboda sandar aikinsa ta alminiyam mai 'yar kwalbar ruwa da kumfa a tsakiya, wadda ake ɗorawa a ga ko ƙasa ta daidaita. Yayan mahaifiyata ne, shi ya ɗauke ni bayan rasuwar babana ina aji uku. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka bai taɓa kirana da sunana ba, sai Uwata. A kan teburin da nake aikin makaranta ya koya mini abu ɗaya da ban manta ba. Ya ɗora lebul, kumfar ta tsaya a tsakiya, na ce ya yi daidai. Ya ce in dakata. Ya juya shi, kan ya koma gindi, ya sake ɗorawa, sai ga kumfar ta kauce gefe.

"Lebul ɗin da ya lalace, ko sau ɗari kika ɗora shi amsa ɗaya zai ba ki, Uwata. Sai kin juya shi za ki kama shi."

Ciwon ya same shi ne yana sauke kwalin manyan tayil daga mota. Ya ce ya ji wani abu ya yi ƙas a ƙugunsa. Ya kwanta mako biyu, aka yi masa hoton ƙashi, likitan da ya duba hoton kuwa ya ɗaga shi sama ya kalla, ya ce, "Baba, bayan nan naka ya zaizaye. Ka yi a hankali, kar ka ƙarasa shi." Wataƙila likitan ya manta da maganar kafin ya kira na gaba. Kawu kuwa ya zo da ita gida, ya zauna da ita shekara uku.

Da idona na ga yadda mutum ke ƙanƙancewa. Ya daina sa takalmi mai igiya. Ya sa aka buga katako a bayan kujerarsa. Ya samo doguwar sanda ya lanƙwasa ƙusa a bakinta, da ita yake jawo hula ko tawul idan sun faɗi. In za a kira shi daga gefe, ba ya juya wuya, sai ya juyo gaba ɗayansa kamar ana juya kabad. Inna, matarsa, ta ɗaga komai na ɗakin zuwa daidai ƙugunsa: buta a kan kujera, rediyo a kan taga, kwanon abinci a kan tebur. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa a durƙushe, ƙasa ta zama masa wata ƙasar da ba shi da izinin shiga. Kuma in ka ce masa ya gwada ɗan sunkuyawa, kallon da zai yi maka ya ishe ka.

Ni a sashen gashin ƙashi na wani asibiti nake aiki. Ba likita ba ce ni. Ni ke rubuta masu zuwa, in shimfiɗa gado, in haɗa na'urar ɗumi. Shugabar sashenmu, wadda muke kira Dakta, ita ta fara buɗe mini ido. Ta ce da yawa daga masu ciwon baya na shekaru, raunin farko ya daɗe da warkewa, abin da ya rage shi ne gudun motsi. Mutum ya daina lanƙwasawa, jijiyoyi su sandare, in ya ɗan motsa ya ji zafi, zafin ya ƙara tabbatar masa da cewa kada ya motsa. Tana maganar, ni kuma kujerar Kawu nake gani.

Dakta ta samu izinin buɗe aji na mako goma sha biyu, inda za a koya wa irin waɗannan mutane sunkuyawa da kaɗan-kaɗan, daga kan gado zuwa kujera zuwa ƙasa. Gurbin mutum ashirin ne kawai. Wa za a ɗauka? Waɗanda gudun motsin ya fi yi wa yawa. Ta yaya za a gane su? Da wata takarda mai tambayoyi goma sha biyu da aka rubuta da wani harshe. Sai an juya ta zuwa Hausa, an ba wani da bai taɓa ganin ta asalin ba ya mayar da ita, an kwatanta, sannan a gwada ta a kan mutane a tabbatar tana auna abin da ake so ta auna.

Mu biyar muka zauna a kan fassarar: Dakta, wani malamin harshe, ma'aikatan jinya biyu, da ni, don ni ce zan riƙa karanta wa waɗanda ba sa karatu. Kalma ɗaya ta cinye mana kwana uku. Malamin harshe ya ce fargaba. Wata cikin ma'aikatan jinyar ta ce ɗari-ɗari. Aka ce shakka, aka ce zullumi. Rana ta uku raina ya ɓaci, ga yunwa, ga zafi, na buga tebur.

"Haba jama'a! Tsoro fa? Akwai wanda bai san tsoro ba? Ko jariri ya san shi. Mu rubuta tsoro mu tashi."

Aka yi dariya, aka rubuta tsoro. Na fita ina jin kaina, har na ba Inna labari cewa yau na kayar da malamin jami'a. Wanda ya mayar da fassarar ma ya dawo da ita daidai da ta asali, kalma bisa kalma, Dakta ta yaba mini a gaban kowa.

A lokacin ne Gajere, tsohon abokin aikin Kawu, ya zo gida. Ya samu aikin daɓen wani babban gini mai hawa uku, za a fara bayan wata huɗu. Ya ce, "Lebul, ba ɗaukar kaya nake so ka yi ba. Ka durƙusa ka ja mini layin farko a kowane ɗaki, shi ke nan. Masu yi mini yanzu, layinsu kamar tafiyar mai maye." Kawu ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba, sannan ya kalli gwiwoyinsa. Na lissafa a raina: aji wata uku, aiki bayan wata huɗu. Allah ya kawo mafita, na ce. Sai da na yi mako biyu ina roƙo kafin ya yarda ya biyo ni asibiti.

Ranar abokiyar aikina da muke karanta wa mutane tare ba ta zo ba, dole ni na karanta masa. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, tebur ɗaya, kujera biyu, fanka mai ƙara. Ya zauna a bakin kujera, baya a miƙe sambal, ya goga ƙafa a ƙasa ya ce siminti bai ishi tayil ɗin nan ba. Na bayyana masa cewa kowace tambaya amsa huɗu gare ta: sam, kaɗan, sosai, ƙwarai da gaske.

"Ta farko. Ina jin tsoron in sunkuya kada in ji wa bayana rauni."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Tsoro? Wa?"

"Kawu, tambaya ce kawai."

"Ni da na yi aiki a hawa na bakwai babu ko makari? Rubuta sam."

"Ta biyu. Tsoron ciwo yana hana ni ɗaukar abu daga ƙasa."

"Sam."

"Kawu, ka saurara da kyau fa. Jiya da murfin biro ya faɗi…"

"Ke tambaya kike yi ko gardama? Na ce sam."

Haka muka tafi har ta goma sha biyu. Biro yana kan akwatin ƙwarai da gaske, ba mai ganina, kuma na san gaskiyar ta fi kusa da can. Amma Dakta ta sha ja mana kunne: ki karanta abin da aka rubuta, ki rubuta abin da aka faɗa, ba ki ƙara ba ki rage, in kika gyara wa mutum ɗaya kin lalata na mutum ɗari biyu. Na rubuta sam sau goma sha biyu. Maki goma sha biyu ke nan cikin arba'in da takwas, babu ƙasa da haka.

Na sa rai a zagaye na biyu. Ƙa'ida ce a sake yi wa kowa tambayoyin bayan mako guda, a ga ko amsar za ta tsaya inda take. Na yi ta yi masa bayani a gida har ya ce in na ƙara ba zai koma ba. Abokiyar aikina ta karanta masa wannan karon. Ta fito tana murmushi. "Kawun nan naki namiji ne. Bai kauce ko da ɗaya ba."

Dakta ma ta ji daɗi da aka haɗa lissafi. Ta ce amsoshin mutane na farko da na biyu sun yi daidai ƙwarai, takardar ba ta rawa. Aka liƙa sunayen mutum ashirin a allo, goma sha bakwai mata ne. Na je ofishinta na roƙe ta. Ta ce ba za ta iya sa shi a ajin ba, amma ya riƙa zuwa ranar Talata ta duba shi da kanta. Na gode mata, na tafi gida da saurina.

Kuskuren da na yi shi ne na gaya masa gaskiya. Ya tambaye ni me takarda ta ce, na ce ta ce ba shi da tsoro, shi ya sa ba a ɗauke shi ba. Fuskarsa ta washe. Ya ɗaga murya ya kira Inna daga kicin.

"Zo ki ji da kunnenki! Ku da kuke ta cewa tsoro ne ya zaunar da ni. Asibiti da kansu sun auna, har sau biyu, sun ce babu. To me ya rage? Ciwo ne, ƙashi ne ya zaizaye, kamar yadda likitan farko ya faɗa."

Daga ranar ba a sake iya yi masa maganar motsi ba. Talatar ma ya ƙi zuwa. Ya ce me zai je yi, ai an gama aunawa. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ba shi labarin takardar. Da can akwai ɗan kokwanto a ransa, wanda in na matsa nakan gani a fuskarsa. Takardar da na buga tebur a kanta ita ta share wannan kokwanton tas. Na yi kuka a bayan gida, ba sau ɗaya ba, kuma haushin kaina na fi ji.

Wata Asabar da hantsi ina wanke kwanuka, na ji Inna ta ce ya ɗan ɗaga ƙafa ta share ƙarƙashin kujera. Ya ce, "Ki bi a hankali mana, kin san lallaɓa shi nake yi." Maganar da nake ji kullum ce, sau goma a rana. Amma ranar sai ta tsaya mini. Lallaɓa shi nake yi. Na tuna wani direba da ya amsa sam, sannan ya ce mini, "Ni dai lallaɓa abina nake." Na tuna wani tsohon maƙeri, shi ma haka. Na bar kwanukan a cikin kumfa.

Ranar Litinin na iske Dakta ta baza takardu a tebur, ta haɗa rai. Ashe ita ma ta ga wani abu. Bayan tambayoyin, akan ajiye ɗan kwali marar nauyi a ƙasa a ce wa mutum ya ɗauko. Ya kamata masu maki da yawa su ne za su ƙi. A mata haka ta kasance. Amma a maza, musamman waɗanda suka haura hamsin, mutum ashirin da shida sun ce sam ba sa tsoro, sannan sun tsaya ƙerere a kan kwalin sun ƙi taɓa shi. Kawu na cikinsu.

"Ban gane ba," in ji ta. "Amsarsu ba ta canja ba ko kaɗan."

Na ce, "Dakta, lebul ɗinmu ne ya lalace." Ta dube ni kamar na zautu. Na ba ta labarin teburin aikin makarantata, na ce mun ɗora shi sau biyu ta fuska ɗaya, ba mu juya shi ba. Wane dattijo ne zai zauna gaban yarinya sa'ar 'yarsa ya ce yana jin tsoro? Ko a gaban wa ma? Su ba tsoro suke kiran abin ba. Lallaɓawa suke kiransa, kuma ba sa jin kunyar faɗinsa, don a wurinsu hankali ne.

Ta rubuta kalmar a gefen takarda, ta ja mata layi biyu. Na ce to mu sauya yau, in je in karanta wa Kawu gobe, har yanzu akwai wata biyu kafin aikin Gajere. Ta girgiza kai. Ba a sauya kalma a tsakiyar aiki. Sai kwamiti ya sake zama, a sake mayar da fassara, a nemi sabon izini, a gwada a kan mutum talatin, sannan a koma kan ɗari biyu. Na ce wata nawa? Ta ce shida, in an yi sa'a.

Ban san lokacin da na ɗaga mata murya ba. Na ce mutum yana can yana sandarewa a kujera, mu muna nan muna jiran sa hannu? Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Gaggawar kwana uku ce ta kawo mu nan. Kina so mu ƙara wata?" Ba ta ce ni ce na yi gaggawar ba. Da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Na gwada da bakina a gida. Na ce Kawu, lallaɓawar nan ita ce ciwon. Ya ce in kawo a rubuce, shi abin da asibiti suka auna ya sani. Gajere ya jira har ya ƙara mako uku a kan lokacinsa. Ranar da ya zo na ƙarshe, Kawu ya sa Inna ta ɗauko lebul ɗin daga saman kabad, ya goge shi da hannun rigarsa, ya miƙa masa. Gajere ya ƙi karɓa, ya ce aro dai. Kawu ya ce, "Kai dai riƙe. Ka riƙa juya shi." Da Gajere ya fita, Inna ta shige ɗaki ta rufo ƙofa.

Wata bakwai aka yi. Sabuwar takardar ta fito, ta ci duk gwajin. Mazan da suka ce sam a da, makinsu ya hau ya yi daidai da abin da aka gani a gaban kwali. Dakta ta ce za a buɗe sabon aji, kuma wasu asibitoci sun fara neman takardar. Kowa na ta yi mini barka, wai ni na gano kalmar.

Na kai masa ita da safe. A wata bakwai ɗin nan ƙafafunsa sun ƙara sirancewa, yanzu ko tashi sai ya dafa tebur da hannu biyu. Taku uku daga kujerarsa akwai tayil ɗaya da ya ɗago, cikin waɗanda ya saka da hannunsa shekarar da na shiga sakandare. Ya hana a kira kowa ya gyara, kuma kullum idonsa na kansa. Na jawo kujera na zauna gabansa, na ce asibiti sun sake aunawa, ga shi a rubuce.

"Ta farko. Ina lallaɓa bayana, ba na sunkuyawa, don kada in ƙara masa rauni."

"Ƙwarai da gaske," ya ce, ko numfashi bai ja ba.

"Ta biyu. Idan abu ya faɗi ƙasa, gara in bar shi da in takura wa bayana."

"Ƙwarai da gaske. Wannan ai ni aka rubuta."

Har ta goma sha biyu bai kauce ba. Arba'in da takwas cikin arba'in da takwas. Na gaya masa cewa da wannan makin shi ne na farko a jerin masu shiga aji, kuma da shi aka samu wancan karon, da tuni ya gama, da shi ya ja wa Gajere layi. Ya daɗe yana kallon takardar a hannuna.

"Da ma abin da kuke tambaya ke nan?"

"Shi ne, Kawu."

"To ai da haka kika tambaye ni tun farko, Uwata, da na gaya miki. Wane ne ya rubuta waccan ta farkon?"

Na buɗe baki, biron ya suɓuce daga hannuna, ya gangara ya tsaya tsakanin ƙafafunsa. Ban ɗauka ba. Na zauna ina kallonsa. Ya dubi biron. Hannunsa na dama ya bar hannun kujera, ya sauko kan cinya, ya kai gwiwa. A nan ya tsaya. Sannan ya mayar da shi inda yake, ya juyo gaba ɗayansa wajen ƙofar kicin.

"Ke, kina kusa? Zo ki ɗauko wa Uwata bironta."